Mantuwa ta sa ni gaba, Umma ta ce in bar shan magani

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 33, 'ya'yana uku, ina ɗinki a gida. Shekara shida ke nan da likita ya ce ina da lalurar ƙwaƙwalwa da suke kira baifola, bayan haihuwata ta biyu. Sau biyu ana kwantar da ni a asibiti. Yanzu alhamdu lillahi na fi shekara ciwon bai tashi ba. Ina shan litiyam da Risperdal da Artane, idan barci ya ƙi zuwa kuma sai in aika a sayo min Valium a kemis. Abin da ya dame ni mantuwa. Tukwanen da na ƙona ba su ƙirguwa. Watan jiya na yanka leshin wata amarya da awon ƙanwarta. Ni ce uwar adashi a layinmu, har rigima aka yi don na kasa tuna ko wata ta kawo zubinta. A salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Haddata izu goma ce, yanzu tana zubewa. Abin da ya fi ci min rai, an ce a tashin ciwona na ƙarshe na kyautar da sarƙar gwal ɗina, na kuma gaya wa uwar mijina maganganu, ni kuwa wallahi ban tuna ba. Maigidana ya ce abin da na ga dama nake mantawa. Umma ta ce ƙwayoyin nan ne ke cinye min ƙwaƙwalwa, in bar su a nemo min na gargajiya. Anti, rikicin tsufa ne ya zo min da wuri? In bar maganin?

Ƙanwarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Da tambayarki ta ƙarshe zan fara, don ita ce ba ta jira. Kada ki bar maganin nan, ko na kwana guda, sai kin zauna da likitanki. Litiyam musamman ba a sakinsa farat ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha ya yanke rana tsaka, sau da yawa cikin makonni ko 'yan watanni ciwon ke dawo masa, kuma a irin wannan lokacin ne tunanin halaka kai ya fi kusantar mutum. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba. Shekara guda da ɗoriya da kika yi a ɗakinki, kina ɗinki, kina sallamar yara makaranta, da wahala kika same ta, kin fi kowa sani.

Sai dai kuma ban ce Umma ba ta da gaskiya ko kaɗan ba. Uwa ce, ta ga 'yarta ta canza, ta nemi mai laifi, idonta ya faɗa kan ledar magani. A cikin ledar nan kuwa akwai ƙwayoyi biyu da ni ma nake tuhuma, zan zo kansu.

Mantuwar da kike yi gaskiya ce, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da saninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan lalura ta hawa da sauka, wadda mai ita kan yi lokacin tashi, barci ya ƙaurace, baki ya buɗe, hannu ya saki kuɗi, sannan ya yi lokacin sanyi da ko tashi daga gado aiki ne. Da can ana ɗauka da zarar an fita daga waɗannan lokutan biyu, komai ya koma daidai. Gwaje-gwajen da aka yi wa marasa lafiya a ƙasashe da dama sun nuna ba kowa ke samun haka ba. Da yawa ko suna zaune lafiya ƙalau, ana samun rauni a wajen tattara hankali, da riƙe abin da aka faɗa musu da baki, da jera aiki daki-daki, da saurin tunani. Wasu abin kaɗan ne, wasu babu sam, wasu kuma kamar ke, yana taɓa musu sana'a.

Tunda ke mai ɗinki ce, da awo zan kwatanta miki. Kafin ki tuna awon mutum sai abu uku sun auku: ki ɗauka, ki ajiye, ki ɗauko. A wannan lalura, yawancin ɓarnar a matakin farko take. Ki mayar da hankalinki ranar da amarya da ƙanwarta suka zo. Ina kyautata zaton tukunya na kan wuta, ƙaramin yaro na jan zaninki, su biyun suna magana lokaci guda, ke kuma kina riƙe da tef kina cewa a ranki "zan tuna". Awon nan bai shiga ba balle ya ɓace. Ruwan da ba a zuba a randa ba, ko an kwana ana kwarfa ba a samunsa. Alamar hakan ita ce, idan aka tuna miki abu, sau da yawa sai ki ce "af, haka ne fa". Mai rikicin tsufa ko an tuna masa ba ya kamawa. Shi ne zai ɓata a hanyar gidan da ya shekara talatin yana bi, ya rasa sunan ɗan cikinsa, kuma galibi iyalinsa ne ke kuka da abin, shi bai ma lura ba. Ke kuwa ga wasiƙarki a gabana, kin jero shekaru, kin jero sunayen magunguna huɗu, kin san wace ɓarna kika yi a wane wata. Abin da kika lissafa bai yi kama da rikicin tsufa ba. Duk da haka, don ranki ya kwanta, ki roƙi likita ya yi miki gwajin tunani. Tambayoyi ne da ɗan zane a takarda, ba ya wuce minti goma zuwa sha biyar, kuma zai zama ma'aunin da za a gwada shi da na baɗi.

To, mu buɗe ledar.

Valium ɗin nan da kike aike a sayo shi ne na fara zargi, kuma ina jin likitanki bai san da shi ba. Aikin wannan ƙwaya da 'yan uwanta shi ne kwantar da ƙwaƙwalwa, kuma sanannen abu ne suna hana sabon abu zama a kai. Yana daɗewa a jiki, wanda kika sha daren jiya yana nan tare da ke lokacin da ake kawo miki zubin adashi da hantsi. Ki gaya wa likita gaskiya: guda nawa, sau nawa a mako, tun yaushe. Kada kunya ta hana ki, sun saba ji. Idan kullum kike sha kuma an daɗe, shi ma ba a yanke shi lokaci guda, don yana iya jawo rawar jiki, firgita, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. A hankali ake rage shi, da tsarin likita.

Na biyu Artane. Shi ba ya maganin baifola ko kaɗan. Ana haɗa shi ne da magunguna irin su Risperdal don ya hana ƙagewar jiki da rawar hannu da kan biyo bayansu. Yana aiki ta hanyar toshe wani sinadari a ƙwaƙwalwa, sinadarin kuwa shi ne ɗaya daga cikin waɗanda ake koyon sabon abu da su. Shi ya sa mai shan sa kan yi kukan bushewar baki, da gani dishi-dishi, da taurin bayan gida, da mantuwa. Mutane da yawa an rubuta musu shi ne lokacin da suke kwance ana ba su magani mai ƙarfi, aka sallame su, aka ci gaba da maimaita takardar shekara da shekaru. Ki tambayi likita kai tsaye: har yanzu ina bukatar wannan? Ana iya rage shi? Wataƙila ya ce e, wataƙila ya ce a'a da dalilinsa, amma tambaya ce da ta cancanci amsa.

Litiyam kuwa, wanda wataƙila Umma ta fi tsoro saboda gwajin jinin da ake yi wa mai shan sa, shi na fi so ki riƙe da kyau. Tun 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya gano yana kwantar da tashin wannan ciwo, kuma har gobe yana cikin magungunan da suka fi kare mutum daga komawa gidan jiya, da rage hatsarin kashe kai. Gaskiya ne wasu na jin yana ɗan rage musu kaifi, amma abin yawanci kaɗan ne. Binciken da aka yi a Danmak ma ya samu cewa waɗanda suka dawwama a kansa sun fi ƙarancin kamuwa da rikicin tsufa a kan waɗanda suka sha na ɗan lokaci suka bari. Inda yake jawo mantuwa ta gaske ta hanyoyi biyu ne, kuma duka ana gano su da jini. Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke kira maƙoƙo, likitoci na ce mata tayirod. Litiyam kan rage mata ƙarfi, kuma mata abin ya fi samu. Idan ta yi sanyi sai mutum ya yi ta kasala, jin sanyi, ƙiba ba dalili, bushewar fata, nauyin tunani da mantuwa, har a ɗauka ciwon damuwa ne ya dawo. Maganinta ƙwaya ɗaya ce ƙarama da safe, ba sai an bar litiyam ba. Ƙa'ida ita ce a duba ta tare da ƙoda kamar duk wata shida. Ki duba katinki ki gani, yaushe rabon da a yi miki?

Hanya ta biyu ita ce maganin ya taru a jini fiye da kima. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa 'yar kaɗan ce, kuma ƙoda ce ke fitar da shi, don haka duk abin da ya ƙona ruwan jiki yana ɗaga shi: zafin bazara, gudawa, amai, zazzaɓi, dogon azumi ba shan ruwa sosai da dare, rage gishiri kwatsam. Haka magungunan ciwon jiki irin su Brufen, Cataflam da Feldene, waɗanda masu ɗinki ke sha kamar gyaɗa saboda ciwon baya, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Idan bayanki ya matsa miki, Panadol ne abokin tafiyar litiyam. Ranar da kika ga hannunki na karkarwa sosai, kina tangaɗi, harshe ya yi nauyi, ga amai ko gudawa, ga ruɗewa, wannan ba ranar jiran layin kilinik ba ce. Kada ki sha na wannan daren, a kai ki asibiti nan take. Idan za a ɗebi jinin auna shi kuwa, ana so ya zama awa 12 bayan ƙwayar ƙarshe, wato ki sha da tara na dare a ɗiba da tara na safe, in ba haka ba lambar da za ta fito ba ta da amfani. Tunda za a soka allurar, ki ce a haɗa da duba ƙarancin jini, don haihuwa uku ba wasa ba ce, kuma shi ma yana dusashe tunani.

Ba ki ce ko an taɓa yi miki maganin nan na lantarki da ake yi wa ƙwaƙwalwa ba a kwanciyarki asibiti. Idan an yi, shi ma kan bar giɓi a abubuwan da suka faru kusa da lokacin, yawanci abin na gyaruwa cikin makonni ko watanni, ko da yake wani giɓin kan zauna.

Yanzu sai barci, wanda a ganina shi ne rabin maganarki. Cikin barci ƙwaƙwalwa ke kwashe abin da ta tara da rana ta jera shi a ma'ajiya. Wadda ta kwanta ƙarfe ɗaya ta tashi huɗu da rabi, ko lafiyayya ce sai ta ƙona tukunya. Ga mai baifola kuwa rashin barci ya wuce mantuwa, shi ne ashanar da ta fi saurin kunna tashin ciwon. A nan sana'arki ke da tarko. Na san yadda goman ƙarshe na azumi ke kasancewa a ɗakin mai ɗinki: atamfofi da shaddoji jibge har kan gado, keke na kuka har asuba, kowa na aiko yaro "wai an gama?". Wasu sun iya wannan su kwana lafiya. Ke jikinki ba zai ɗauka ba. Ki ƙayyade kayan da za ki karɓa tun kafin watan ya kama, idan sun cika ki rufe, ko 'yar uwarki ce ta kawo. Kuɗin ɗinki goma da za ki rasa bai kai kuɗin gado da magani na kwanciya ɗaya ba. Haka kwanan gidan biki, da shayi mai kauri ko goro bayan la'asar, da riƙe waya a kan gado. Ki sa wa kanki lokacin kwanciya da na tashi guda ɗaya, har ranar Asabar da Lahadi. Idan kika yi dare biyu a jere barci bai zo ba kuma ba ki jin gajiya, wannan saƙo ne, likita za a kira, ba mai kemis ba.

Dalilin da ya sa nake ta nanata kada ciwon ya sake tashi shi ne, abin da aka lura a bincike, waɗanda ciwon ya fi yawan tashar musu, musamman tashin sama, su suka fi fama da raunin tunani daga baya. Don haka barin magani saboda mantuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ki kuma duba zuciyarki da kyau. Wani lokaci mutum na cewa ya warke don ba ya kuka ba ya faɗa, alhali akwai sauran sanyi a ƙasa: abinci ba daɗi, hira ba daɗi, komai da ƙyar. Wannan saura kaɗai ya isa ya hana hankali tsayawa wuri ɗaya. Idan akwai shi ki faɗa wa likita. Idan kuwa har ya taɓa kai ki ga jin gara mutuwa, ki gaya wa wani a gidan a ranar, a tafi asibiti a ranar.

Maganar sarƙa da uwar miji ita ta fi taɓa ni, don na ga irinta a gidanmu. Yayana malamin makaranta ne, yana da wannan lalurar. Bayan wani tashi da ya yi aka sallamo shi, yana zaune a tabarma a ƙofar ɗakin mahaifiyarmu, ya rame, yana juya kofin koko a hannu bai sha ba. Ya ɗago ya ce min, "Gaya min me na yi." Ni kuma da ƙuruciya da haushin abin da muka sha, na zayyana masa komai, tun daga babur ɗin da ya sayar har zagin da ya yi wa kawunmu a bainar jama'a. Yana saurare kamar labarin wani ake ba shi. Da na gama sai ya ajiye kofin ya shiga ɗaki, ya yi kwana uku bai fito ko zaure ba. Har yau idan na tuna sai na ji ciwon abin. Gaskiya na faɗa masa, amma da na raba masa ita kaɗan-kaɗan, na bari ya ƙara ƙarfi tukuna.

A ranar na gane mantuwar tasa ba ta ganin dama ba ce. Lokacin tashin ciwo tunani na gudu kamar an saki famfo, mutum ya yi kwana da kwanaki ba barci, sannan a asibiti a yi masa allurai masu sa barci don a kwantar da shi. A wannan hali ƙwaƙwalwa ba ta rubuta komai da kyau. Abin da ke saura guntaye ne, wani wurin ma fili fetal. Kada ki wahalar da kanki wajen tono, abin da ba a rubuta ba ba ya karantuwa. A wajen Allah kuwa, kin san hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Amma ita Hajiya, uwar mijinki, kunnenta ya ji, zuciyarta ta riƙe. Don haka ki shirya, ki sami babbar mace a danginku ta raka ki, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, an gaya min abin da bakina ya faɗa lokacin da ba ni da lafiya. Ban san na faɗa ba, amma na san ya ɓata miki rai, ki yafe min." Kada ki nemi ta maimaita miki kalmomin. Sau ɗaya ya isa, ba sai kin mayar da shi gaisuwar kullum ba. Sauran kayan ƙimarki kuma, gwal ne ko takardar fili ko katin banki, ki yanke shawara yanzu da kike lafiya wa zai riƙe miki su ranar da alamu suka fara.

Malam maigida, idan ta miƙa maka wannan ka karanta, ina gaisuwa, kuma na san ka yi haƙuri mai yawa. Abin da ke sa ka ga kamar zaɓe take yi shi ne, ta tuna kalar atamfar da ka saya mata shekara takwas da suka wuce, amma ta manta saƙon da ka ba ta da safe. Haka abin yake aiki. Tsohon abu ya riga ya zauna, sabon ne ke zamewa. Idan za ka ba ta saƙo, ka bari ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ka, ka faɗi abu ɗaya, ta maimaita. Idan mai muhimmanci ne ka tura mata a waya. Kalmar "kin ga dama ne" tana ƙara mata fargaba, fargaba kuma na ƙara mantuwa. Ka raka ta asibiti ko sau ɗaya, ka faɗa wa likita abin da kake gani, don kana ganin abin da ita ba ta gani.

Na dawo gare ki, ƙanwata. Ki daina ɗora wa kanki abin da takarda za ta iya ɗauka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce ga masu cikakkiyar lafiya su rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. To ina ga uwar adashi? Ki sayi littafi mai kauri, kowace mace da shafinta. Kuɗi ba ya shiga hannunki sai biro ya taɓa takarda a gabanta, ta sa hannu ko ta dangwala. Wadda ta aiko yaro, ki tura mata saƙon murya nan take, "na karɓi dubu biyu, yau Talata". Idan kuma rigimar ta riga ta ɓata miki suna a layi, ba faɗuwa ba ce ki ɗauki mataimakiya, ko ki miƙa wa wata riƙon na zagaye ɗaya ki huta. Ɗinki ma haka. Yayana har ya yi ritaya ɗan littafi ne a aljihun gaban rigarsa, ɗalibi ya tambaye shi abu sai ya zaro ya rubuta, kuma ba wanda ya raina shi don wannan. Ke ki rubuta suna da awo da ranar karɓa a 'yar takarda, ki maƙala ta da fil a jikin yadin tun mai shi na tsaye. Almakashi kada ya taɓa yadi sai kin karanta takardar da ƙarfi kunnenki ya ji. Girki da ɗinki kuma ki raba musu lokaci. Idan dole ne tukunya na wuta ki koma keke, ki saita ƙararrawar waya ki ajiye wayar a kicin, yadda sai kin tashi kin je za ki kashe ta. Magungunanki ki zuba su a ɗan akwatin nan mai gida bakwai da ake sayarwa a manyan kemis, kowace rana da gidanta. Ga mai shan litiyam wannan ba ƙawa ba ce, don mantuwa kan sa a sha sau biyu.

Salla kuwa, addini ya riga ya yi miki tanadi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi mantuwa a salla, ya ce shi mutum ne kamar mu, yana mantuwa kamar yadda muke yi, idan ya manta a tuna masa. Daga nan muka sami ƙabli da ba'adi. A karatun da muka yi a Islamiyya, wanda ya yi shakka uku ya yi ko huɗu, sai ya ɗauka uku ne ya cika, ya yi ba'adi. Wanda kuwa shakka ta aure shi, kullum sai ta zo masa, an ce ya yi watsi da ita kada ya ƙaro komai, ya yi ba'adi kawai. Ki zauna da malamarku ta warware miki wannan da kyau. Idan da hali ki bi maigida jam'i a sallar da yake gida. Haddarki kuma tsohuwar ajiya ce, irin wadda ta fi wuyar gogewa. Abin da ya yi rauni ɗaukowa ne, tilawa ke gyara shi. Kada ki ce sai kin maido izu goma a wata guda. Sumuni ɗaya bayan asuba, da murya, ki maimaita shi a sallolin ranar, ki sami wadda za ta riƙa saurarenki sau ɗaya a mako. Ki ƙara da tafiyar ƙafa ta rabin awa da yamma, ko zuwa gidan Umma ne da dawowa, tana taimakon barci da natsuwa fiye da yadda ake zato.

Ita Umma kada ki yi jayayya da ita. Ki ce mata kin ji maganarta, kuma saboda ita za ki je a sake duba magungunan, ta zo ta raka ki. Uwar da ta ji bayani daga bakin likita ta fi wadda aka kawo wa labari saurin yarda. Addu'a da ruƙiyya da sadaka ba su da rigima da ƙwaya, a yi su. Abin da nake jin tsoro shi ne jiƙe-jiƙen da ake bayarwa don "a wanke ciki", masu sa gudawa da amai. Ga mai litiyam a jini, wannan hanya ce ta zuwa ɗakin gaggawa. Haka kuma kada ki karɓi maganin wata don an ce ita ba ta mantuwa. Epilim, alal misali, ana ba masu wannan lalura kuma yana aiki, amma yana iya nakasa jariri a ciki, ke kuwa kina shekarun haihuwa. Ko a kan naki maganin, idan kuna da niyyar ƙarin haihuwa, likita ya sani tun kafin ciki ya shiga.

Ga masu karatu da suka ga kansu a wasiƙar nan amma ba su taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba, akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan da ke asibitocin koyarwa na Shika da na Malam Aminu Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙin a yi masa bayanin maganinsa, a kuma yi shawara da shi.

Kin san yadda ranar kilinik take, layi dogo, likita na sauri, kana shiga ka ce "da sauƙi" a maimaita maka takarda ka fito. Wannan karon kada ki ce da sauƙi. Daga yau har ranar, ki riƙa rubuta layi uku kowane dare: ƙarfe nawa kika kwanta jiya kika tashi, me kika sha, me kika manta. Ranar tafiya ki zuba duk abin da kike sha a leda ɗaya, har Valium ɗin da maganin ciwon baya da duk wani jiƙo, ki juye su a teburinsa. Tambayoyinki ki rubuta su a takarda ki miƙa masa tun kafin ki zauna: Artane, Valium, awon litiyam, tayirod da ƙoda, gwajin tunani. Idan ya yi bayani, Umma ko maigida su saurara tare da ke, ke kuma ki rubuta, ko ki nemi izininsa ki ɗauka a waya. Idan ya canza wani abu, ki ba shi makonni kafin ki yanke hukunci, don irin wannan gyara ba ya nunawa a kwana biyu.

Idan sakamakon jinin ya fito ki sake rubuto min, ina so in ji abin da aka ce game da tayirod ɗin da Artane. Allah ya ƙara lafiya. Ki gaida min Umma da yaran.

Antinku